Ɗurin da Ba Albarushi

A duk tsaunukan nan namu na Tennessee a Amurka, in ka cire mutum ɗaya, babu wanda ya kai ni harbi da bindigar ɗuri. Ba cika baki nake ba, je ka shagon aski ka ce ina Delmer Stooksbury, za a gaya maka. Mutum ɗayan da na cire shi ne Arvel Ledbetter, kuma tun ina da gashi a ka nake bin bayansa ina zuwa na biyu. Matata Ozella takan ce da ana ba na biyu kambu, da tuni nauyinsu ya karya mini wuya.

Gasar tamu sau ɗaya ake yin ta a shekara, da zarar sanyi ya sake mu, a makiyayar Hoyt Beaty da ke gindin dutse. Yadda kakanninmu suka yi ta, haka muke yi. Mutum ya kwanta rub da ciki, ya ɗora bakin bindiga a kan gungume, ya harbi kwali mai alamar gicciye. Kwali goma ne, kowanne harbi ɗaya. In an gama, Hoyt, wanda shi ne alƙali, sai ya auna tazarar kowane rami daga tsakiyar gicciyen, ya haɗa. Wanda awonsa ya fi gajarta shi ya ci, shi ne zai fara zaɓen nama daga bijimin da aka yanka da safe. Na ɗaya cinya yake ɗauka. Na biyu ma cinya yake samu, amma wadda na ɗaya ya jujjuya ya bari.

Bindigar Arvel kakan babansa ne ya ƙera ta tun kafin yaƙin basasar Amurka, a wata maƙera da yanzu ko tubalinta ba a gani. In ka tsayar da ita tana kai maka haɓa, in ka ɗaga ta kuwa sai ka yi nishi. Bazawara muke ce mata, don ta binne maza uku tana nan da kyanta. Masu tara tsofaffin bindigogi sun sha zuwa daga birane, su sa farar safar hannu, su yi ta shafa ta suna magana ƙasa-ƙasa kamar masu gaida mara lafiya. Arvel yakan bari su gama shafawa, ya ba su kofi, ya raka su har mota. Ba ya sayarwa, ba ya kuma jin haushin tambaya. Abin da bai gane ba kawai shi ne yadda mutum zai so bindiga haka, amma bai taɓa marmarin jin muryarta ba.

Ɗurin irin wannan bindiga ba shi da wuya, hankali wuri ɗaya yake so. Ka tsayar da ita, ka tsiyayi albarushi daga ƙaho zuwa ma'auni, ka zuba ta baki. Ka shimfiɗa ɗan ƙyalle mai maiƙo, ka ɗora dunƙulen darma a kai, ka danna da sanda har ya zauna a kan albarushin. Kowannenmu yana da zanen da ya yi da wuƙa a jikin sandarsa. In ɗuri ya yi daidai, zanen daidai bakin bindiga yake tsayawa. In ya tsaya sama, albarushi ya yi yawa. In ya nutse ciki, to ka manta albarushin ɗungurungum, ka danna darma a kan babu. Shi ya sa a wurinmu ba a yi wa mai ɗuri magana. Ko gidansa ne ke ci da wuta, sai ka jira ya zare sanda sannan ka gaya masa.

Manta albarushi ba ya kashe kowa, kunya kawai yake jawowa, kuma ba wanda bai taɓa yi ba. Akwai wata tsohuwar ƙararrawar saniya da ke rataye a rumfar ɗuri. Wanda ya yi, sai ya rataya ta a wuya ya yini da ita, ko bayan gida ya nufa kowa ya sani. Sai dai in wani ne ya sa masa baki yana ɗuri. In haka ne, mai surutun ne zai sha ƙararrawa.

Kafin gasar da zan ba ku labari, da kaka, Arvel ya yi abin da ya fi mantuwa muni. Yana gwaji shi kaɗai a bayan rumbunsa, ya zuba albarushi sau biyu. Bazawara ta tokare shi a kafaɗa har ƙashi ya tsage. Lokacin ya haura tamanin. Na je duba shi, na same shi a kicin da hannu a rataye, 'yarsa Lurleen tana tsaye a kansa. Ita kaɗai ya haifa, nas ce a asibitin gari, kuma ta gaji taurin kansa kaf, ba ta bar wa kowa ba.

“Baba, ba zan zauna ina jiran a kira ni a ce bindiga ta fashe maka a fuska ba,” in ji ta.

Ya ce, “Bindigar nan ta girmi asibitinku, ba ta taɓa fashewa ba.”

“Ba ita nake tsoro ba. Kai nake tsoro.”

Ya jujjuya kofinsa. Can ya ce, “To ji nan. Kuskure ɗaya. In na sake yin kuskure ɗaya a wurin ɗuri, babba ko ƙarami, ki ɗauke ta, ba zan sake harbi ba. Kafin nan ki ƙyale ni. Delmer, kai ne shaida.”

Na ce, “Ni me ya kai ni? Gaisuwa na zo.”

“Ai ka riga ka ci mana burodin masara, ka zama shaida,” in ji shi.

Lurleen ta yarda, don ta san ubanta. Arvel in ya ce zai zo ranar Talata, to ko ambaliya aka yi za ka gan shi yana iyo. Ni kuwa na koma gida da damuwa, kuma ba duk don shi ba ne. Ban taɓa cin mutumin nan ba. In aka raba shi da bindiga kafin in ci shi, duk cinyar da zan ɗauka bayan haka sadaka ce.

Ranar gasa gari ya waye tas, iska kaɗan tana kaɗawa daga wajen rafi. Mata sun ɗora tukunyar wake, hayaƙin itace na haɗuwa da warin albarushi. Arvel ya iso a motar Lurleen. Ita ta buɗe kujerarta ta naɗewa, ta dasa ta a bayan rumfar ɗuri inda za ta ga hannunsa sarai.

Yana hango ni ya ɗaga murya. “A'a, Delmer! Ka zo karɓar ragowar cinyata?”

Na ce, “Tsoho, bana ƙashi za ka tafi da shi. Lurleen, 'yata, ki ɗora masa tukunyar romo tun yanzu.”

“Haka ka ce bara.”

“Bara rana ce ta shiga mini ido.”

“Bara waccan fa?”

“Ita ma.”

Aka fashe da dariya, Hoyt ya buga murfin tukunya, muka fara.

Ranar hannuna ya zauna yadda bai taɓa zama ba. Duk kwalin da aka ciro mini sai in ga ramin ya ci gicciye ko ya lashi gefensa. Na san na zo da sa'a, kuma na san ba sa'ar ce kaɗai ba, na iya. Arvel kuwa kafin ya kwanta sai ya durƙusa, ya dafa, ya yi nishi, in zai tashi sai an ba shi hannu. Amma da zarar kuncinsa ya taɓa katakon Bazawara, ba ka bambance shi da gungumen da ke gabansa. Zai jira iska ta faɗi, ya ƙara jira, har ka ce barci ya kwashe shi, sannan ka ji ta yi tsawa, farin hayaƙi ya rufe shi. Kwalayensa ma ba na raini ba ne. Da muka yi harbi bakwai, duk wanda ke wurin ya san gasar ta koma tsakanina da shi.

A ɗuri na takwas muna tsaye kafaɗa da kafaɗa a rumfa. Na gama nawa, ina goge hannu, ina kallonsa ta gefen ido. Ya goge cikin bindiga. Ya cika ma'auninsa na ƙahon barewa da albarushi. Sai iska ta sa masa hawaye, ya soke ma'aunin a ramin da ke jikin teburin don ya share tabarau. Ya share, ya mayar. Hannunsa ya wuce ma'aunin kamar babu shi, ya ɗauki ƙyalle.

Bakina ya buɗe, ya rufe. Shekara da shekaru an koya wa harshena kada ya motsa a gaban mai ɗuri, ga kuma Lurleen a bayanmu, in na ce “albarushi” ta ji. Kafin in yanke shawara darma ta shiga, sanda ta bi ta, zanen ya nutse cikin bakin bindiga har ba a ganinsa.

Na ce a raina, yanzu zai gani. Ya kuwa gani. Ya zaro sandar a hankali, ya kai ta kusa da ido, ya sa babban yatsa yana shafa zanen. Ya daɗe yana shafawa. Sannan ya ajiye sandar, ya cicciɓi bindigar, ya juya ya nufi gungume.

Na waiga. Lurleen ta ba mu baya, tana karɓar kofi daga hannun Ozella. Ba ta ga komai ba. Amma in ya kwanta ya ja kunama, hular wuta, ɗan ƙarfen nan da ke kunna albarushi, ta yi tas bindiga ta yi shiru, duk makiyayar za ta sani, ga kuma ma'auni cike a kan tebur yana ba da shaida.

Na kware murya. “Hoyt! Kawo ƙararrawar nan, tawa ce! Tsoho, dawo, babu albarushi a cikinta. Na cika ka da surutu har na ɓata maka ɗuri.”

Ba wanda ya yi shakka ko na daƙiƙa ɗaya, wannan ma ya ɗan ɓata mini rai. Aka yi mini caa.

“Delmer ai ko a jana'izarsa sai ya yi magana!”

“Da gangan ya yi, ya ga cinya za ta sake kuɓuce masa!”

Lurleen ta taso da kofinta a hannu. “Haba Kawu Delmer! Ko kunya ba ka ji ba? Da girmanka?”

Na ce, “Yi haƙuri 'yata, bakin ne ba shi da linzami.”

Hoyt ya rataya mini ƙararrawa yana girgiza kai. Na kaɗa ta da kaina, na yi musu 'yar rawa, don in abu zai tafi a wasa to ya tafi sosai. Arvel ya dawo rumfa. Ya dubi ma'aunin da ke tsaye cike, ya dube ni. Na kashe masa ido, bai mayar mini ba, na ɗauka kunya ce.

Fitar da irin wannan darma ba aiki ba ne. Muka kwance ɗan bututun da ake ɗora hular wuta a kai, muka ɗiga albarushi kaɗan ta ramin, muka mayar, ya harba cikin tudu. Ta fito da wata 'yar ƙara kamar tarin akuya, aka sake dariya. Dokarmu ba ta lissafa wannan a harbi. Ya sake ɗuri a hankali, leɓunansa na motsi, wannan karon zanen ya tsaya inda ya kamata.

Ni kuwa ƙirjina ya cika fal. Na tsare wa abokina bindigarsa, na tsare wa kaina abokin karawa, duk da ƙarya ɗaya da ba ta cuci kowa ba. Na cusa ƙararrawar cikin riga don kada ta taɓa katako, na kwanta na yi harbina uku na ƙarshe, kuma masu kyau ne. Kada wani ya ce muku ƙararrawa ce ta hana ni. Ba ta hana ni komai ba.

Hoyt ya zauna da ma'auninsa da tabaransa biyu, ɗaya kan ɗaya. Ya auna, ya haɗa, ya sake aunawa. Da ya miƙe bai dube ni ba, daga nan na gane. Arvel ya ci ni da tazarar da ba ta kai kaurin farce ba. Abin ya yi mini ciwo har cikin ciki, ba zan ɓoye ba. Amma na ce ba komai, ai akwai baɗi, kuma ni na saya mana baɗin.

“Arvel Ledbetter, zo ka zaɓi namanka!” in ji Hoyt.

Arvel ya tashi daga kan benci. Maimakon ya nufi teburin nama, sai ya nufo ni. Ya tsaya a gabana, ya sa hannu biyu ya cire igiyar ƙararrawar daga wuyana, ya rataya a nasa.

Ya ce, “Jama'a, kun zalunci Delmer. Tun da na san shi, yau ce rana ta farko da ya yi shiru, ita ce kuma kuka hukunta shi. Bai ce mini komai ba. Ni na manta.”

Wasu suka fara dariya, sai dariyar ta mutu a hanya, don babu wanda bai san alkawarin da ke tsakaninsa da 'yarsa ba. Kowa ya juya wajen Lurleen. Ta tsaya cak, ta sa hannu ta rufe baki. Shi kuwa ya wuce teburin nama yana kaɗa ƙararrawa, ya jujjuya cinyoyin nan biyu kamar kullum, ya nuna wadda yake so.

Ban iya yi masa magana a gaban mutane ba. Sai da ya koma rumfa yana wanke cikin Bazawara da ruwan zafi na same shi, Lurleen na tsaye gefe tana riƙe masa buta. Raina a ɓace yake, ban kuma ɓoye ba.

Na ce, “Tsoho, me ya kai ka? Na rufa maka asiri, na sha zagi, na yi rawa a gaban jikokina. Manta albarushi ne fa kawai! Wa bai taɓa yi ba? Ni sau nawa na yi? Lurleen, gaya masa wannan ba ya cikin lissafi.”

Lurleen ta buɗe baki, na kuma ga alama za ta sassauta, don idanunta sun cika. Arvel ya ɗaga mata hannu.

Ya ce, “Da mantuwar ce kaɗai, da na bar ka da ƙararrawarka, har in taya su yi maka dariya. Ka ga lokacin da na zaro sanda ina dubawa?”

“Na gani.”

“Na ga zanen ya nutse, Delmer. Da idona na gani. Na zaro ta na tsaya ina tunani, wane ɗan banza ne ya ɓata mini sanda da wuƙa.”

Ina wurin ranar da ya yi zanen nan, da wuƙata ma ya yi shi, muna samari.

Ya ci gaba da tura tsumma cikin bindigar yana zarowa, baƙin ruwa na fita. “Sai da ka yi ihu sannan ya dawo mini. Yau ƙasa ya nutse, shi ya sa muke dariya. Ran da ya tsaya sama, haka zan shafa shi in je in kwanta, kai kuma kana kwance kusa da ni.”

Lurleen ta ajiye butar, ta kifa goshinta a kafaɗarsa, wadda ta warke ɗin. Ya bar ta ta yi kukanta, bai daina aikinsa ba. Ya busar da cikin bindigar, ya shafe ta da mai ciki da waje, ya naɗe ta a tsohon bargonta, ya ɗaure da igiya. Ni kuwa na cusa hannuwana a aljihu.

Ya ce, “Ga ta, 'yata. Na cika alkawari.” Ya dube ni. “Ɗauko mata, ba za ta iya ba.”

Na ɗauka. Duk shekarun nan ban taɓa riƙe ta na wuce minti ɗaya ba, sai ranar na kai ta har mota, na shimfiɗa ta a kujerar baya. Aka kawo cinyar da ya zaɓa a naɗe aka sa a but ɗin motar. Ya miƙa wa Hoyt ƙararrawa, ya gaisa da kowa hannu da hannu, ya shiga gaba ya zauna. Baƙin ciki ya kama ni, irin wanda ban ji ba tun rasuwar mahaifina, ga shi kuma mutumin yana zaune a gabana da ransa, yana neman inda ake ɗaura bel ɗin kujera.

Lurleen ta tada mota. Har sun fara tafiya sai ya sa ta tsaya, ya sauke gilashi, ya yafito ni.

“Delmer.”

“Na'am, Tsoho.”

“Harbinka na shida. Ba ka jira iska ta gama faɗuwa ba, ka yi gaggawa. A nan na ci ka. Ka gyara.”

Na ce na ji. Gaskiyarsa ne kuwa, na yi gaggawa.